Farfaɗowa bayan ambaliyar ruwan Maiduguri

A daren Litinin 9 ga watan Satumban 2024, wayewar garin Talata, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa kuma ya malale wani babban ɓangare na Maiduguri, babban birnin jihar Borno a arewa maso gabashin Nijeriya.

Gwamnan jihar, Babagana Umara Zulum, ya ce ambaliyar ta shafi mutane kimanin miliyan ɗaya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da mutane 400,000 ne suka rasa matsuguninsu.

Alƙaluman farko da hukumomi suka bayar sun nuna cewa mutane 37 ne suka rasa rayukansu, amma daga baya adadin da aka ambata ya kai 150.

Cikin makonni kaɗan ruwan ya janye daga mafi yawan unguwanni, manyan baƙi masu zuwa jaje suka koma inda suka fito, hankalin duniya kuma ya karkata wani waje.

Sai dai ga wanda ɗakinsa ya rushe, ko ruwa ya lalata masa kayan sana'a, a lokacin ne wahalar take somawa. Aikin ceto kan ƙare cikin kwanaki, amma mayar da iyali kan ƙafafunsu kan ɗauki watanni, wani lokacin ma shekaru, kuma a wannan zangon ne tallafi ya fi yin ƙaranci.

Abin da ya faru a Maiduguri ya nuna irin taimakon da al'umma ke bukata bayan kogi ya yi ambaliya, da waɗanda ke bayar da shi, da kuma inda yake gazawa.

Yadda ruwan ya shigo

An gina madatsar Alau ne a tsakiyar shekarun 1980, a nisan kilomita 20 ko kusa da haka daga Maiduguri, domin samar wa birnin ruwan sha da kuma noman rani a fadamar Jere. Hukumar raya yankin tafkin Chadi, wadda ta gwamnatin tarayya ce, ita ke kula da madatsar.

Ba wannan ne karon farko da ta jawo ambaliya ba, domin a watan Satumban 1994 ma ruwan ya shiga birnin ya yi ɓarna.

A 2024 an yi damina mai ƙarfi, madatsar ta cika ta batse, kuma mazauna ƙauyukan da ke kusa sun yi ta nuna fargaba kwanaki kafin ta ɓalle.

Da ruwan ya taso, ya mamaye unguwanni irin su Gwange da Fori da Gamboru da Bulabulin, ya shiga fadar Shehun Borno, da babbar kasuwar Monday Market, da asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri.

Katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni fiye da 270 suka tsere. Hukumomin gidan namun daji na Sanda Kyarimi sun ce sun yi asarar sama da kashi 80 cikin 100 na dabbobinsu, suka kuma gargaɗi jama'a game da kadoji da macizai da ruwa ya kwasa zuwa cikin gari.

Ke nan ruwan ya taɓa wuraren da jama'a kan nufa idan masifa ta faɗo: asibiti da kasuwa da makaranta da fada.

Wa ke da alhakin agaji?

A tsarin Nijeriya, hawa uku ne ke da hannu a aikin agaji.

A sama akwai hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, wadda aka kafa a 1999. Aikinta shi ne tsara yadda za a tunkari bala'i, da haɗa kan sauran hukumomi, da kai kayan agaji idan abin ya fi ƙarfin jiha.

A tsakiya akwai hukumomin agajin gaggawa na jihohi, waɗanda aka fi sani da SEMA. Su ne ke buɗe sansanoni, su ɗauki sunayen mutane, su raba kaya.

A ƙasa kuma ya kamata kowace ƙaramar hukuma ta kasance tana da kwamitinta na agaji. Wannan hawa shi ne mafi kusa da jama'a, kuma shi ne mafi rauni, domin a wurare da dama kwamitin bai wuce suna a takarda ba.

Akwai wasu hukumomi biyu da aikinsu ke zuwa kafin ruwa ya iso. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet kan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar kula da koguna ta NIHSA kuma kan fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya.

Wani ɓangare na kuɗin wannan aiki na fitowa ne daga asusun kula da muhalli, wanda aka kafa a 1981, wanda kuma tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ke samun kaso daga cikinsa. An daɗe ana muhawara a Nijeriya kan yadda ake kashe kuɗin wannan asusu.

A Maiduguri akwai wani ƙarin hawa da garuruwa da yawa ba su da shi. Saboda rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009, birnin ya zama cibiyar ƙungiyoyin agaji na duniya, waɗanda ke da ofisoshi da rumbuna da ma'aikata a wurin tun kafin ambaliyar. Wannan ya sa taimako ya iso da wuri fiye da yadda zai isa wani ƙauye a gaɓar kogin Binuwai ko na Haɗeja.

Kwanakin farko

Kamar yadda aka saba gani a irin wannan yanayi, maƙwabta ne suka fara ceton maƙwabtansu. Matasa da masu kwale-kwale sun yi ta kwaso tsofaffi da ƙananan yara daga kan rufin gidaje, kafin sojoji su shigo da manyan motoci da jiragen ruwa.

Gwamnatin jihar ta buɗe sansanoni da dama, akasarinsu a makarantu. Ta kuma sake buɗe sansanin Bakassi, wanda ta rufe a ƙarshen 2021 a ƙarƙashin shirinta na mayar da 'yan gudun hijira garuruwansu.

A kwanakin farko abin da ake bukata shi ne dafaffen abinci, domin wanda ya tsere da rigar jikinsa ba shi da tukunya balle itace. Hukumar samar da abinci ta duniya, WFP, ta kafa wuraren dafa abinci a wasu sansanonin, ƙungiyoyin sa-kai da masu hali na cikin gari su ma suka riƙa kai nasu.

Ƙungiyoyin agaji na duniya suna da ma'aunin da suke bi wajen tafiyar da sansani. Kowane mutum na bukatar aƙalla lita 15 ta ruwa a rana domin sha da girki da tsafta. Bai kamata mutane fiye da 20 su yi tarayya a masai ɗaya ba. Kowa kuma na bukatar fili mai rufi na murabba'in mita 3.5.

Idan dubban mutane suka cunkushe a makarantar da aka gina don ɗalibai 'yan ɗaruruwa, da wuya a cika ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa.

Shi ya sa hukumomi kan so su rufe irin waɗannan sansanoni da wuri, musamman da yake zaman mutane a ajujuwa na hana yara komawa karatu. A Borno sai da aka rufe makarantu na makonni saboda ambaliyar.

Wani abin lura kuma shi ne, ba kowa ne ya tafi sansani ba. Mutane da yawa sun fake ne a gidajen 'yan uwa da abokan arziki a unguwannin da ruwa bai kai ba. Waɗannan masu masauki kan ciyar da baƙi na makonni daga aljihunsu, amma ba kasafai sunansu ke shiga jerin waɗanda za a tallafa wa ba.

Ruwan sha da lafiya

Babban haɗarin da ke biyo bayan ambaliya shi ne gurɓacewar ruwan sha.

Idan ruwa ya malale unguwa, yakan cika masai da shadda da kwatami, ya kwashe abin da ke ciki ya zuba a rijiyoyi da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi. A Maiduguri ruwan ya shafi har da maƙabartu. Ko bayan ƙasa ta bushe, rijiyar da ta gurɓace tana nan da cutarta har sai an yashe ta an zuba mata sinadarin kilorin.

Saboda haka aikin da hukumomi irin su asusun kula da ƙananan yara na UNICEF da ƙungiyar agaji ta Red Cross kan sa a gaba shi ne kai ruwa da tankoki, da raba ƙwayoyin tsaftace ruwa da sabulu da jarkoki, da gina masai na wucin gadi.

Duk da haka, a farkon watan Oktoban 2024 gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar cutar amai da gudawa, wato kwalara. An buɗe cibiyoyin jinya, aka kuma ba dubban mutane maganin rigakafin da ake sha ta baki.

Kwalara cuta ce da kan kashe mutum cikin sa'o'i idan ruwan jikinsa ya ƙare, amma mafi yawan waɗanda suka kamu kan warke da ruwan gishiri da sukari idan an fara ba su da wuri. Wannan ne ya sa masu wayar da kan jama'a da ke bin gida gida suke da muhimmanci kamar likitoci.

Bayan kwalara sai zazzaɓin cizon sauro, domin kududdufan da ruwa ya bari su ne matattarar sauro. Sai kuma ƙyanda a inda yara suka cunkushe, da tamowa, wadda dama ta yi katutu a arewa maso gabas, abin da ya sa ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana da cibiyar kula da yara masu fama da ita a Maiduguri.

Lalacewar asibitoci ta ƙara dagula lamarin. Ruwa ya shiga ɗakunan ƙasa na asibitin koyarwa ya lalata na'urori masu tsada, har da na sashen kula da masu cutar daji, asibitin kuma ya dakatar da karɓar marasa lafiya na wani lokaci. Wannan asibiti ne da ake turo masa marasa lafiya daga jihohin maƙwabta, har ma daga ƙasashen Chadi da Kamaru da Nijar.

Akwai kuma masu ciwon suga da hawan jini da tarin fuka da masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV, waɗanda ruwa ya tafi da magungunansu da katinansu na asibiti. Katsewar magani na makonni kan jefa su cikin haɗari, ko da yake ba a cika lissafa su cikin waɗanda ambaliya ta yi wa illa ba.

Haka ma lafiyar ƙwaƙwalwa. Da yawa daga cikin waɗanda ruwan ya kora mutane ne da suka taɓa tserewa daga Bama ko Gwoza ko Konduga saboda yaƙi, suka yi shekaru suna tara ɗan abin da suka mallaka, sai ga shi ya salwanta a dare ɗaya. Maiduguri na da asibitin tarayya na masu taɓin hankali, amma ma'aikatan wannan fanni ba su da yawa idan aka kwatanta da girman bukatar.

Rajista da rabon kuɗi

Kuɗi sun shigo jihar Borno bayan ambaliyar. Shugaba Bola Tinubu ya ziyarci Maiduguri a tsakiyar watan Satumba, ya kuma yi alƙawarin kafa asusun agajin bala'o'i. Gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 3 ga kowace jiha domin tunkarar ambaliyar shekarar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da dala miliyan 6 daga asusunta na agaji a Nijeriya.

Gwamnoni da bankuna da attajirai, ciki har da Aliko Dangote da Abdul Samad Rabiu da marigayi Aminu Dantata, su ma sun ba da gudummawa mai tsoka.

Gwamna Zulum ya kafa kwamitin rabon tallafi a ƙarƙashin jagorancin Injiniya Baba Bukar Gujbawu. A rahoton da ya miƙa a watan Disamban 2024, kwamitin ya ce kuɗin da suka shigo hannunsa sun haura naira biliyan 28, kuma ya raba kimanin biliyan 18 ga magidanta fiye da 100,000, baya ga kayan abinci.

An karkasa gidajen ne gwargwadon ɓarnar da aka yi musu, ta yadda wanda gidansa ya rushe baki ɗaya zai samu fiye da wanda ruwa ya shiga ɗakinsa kawai.

Idan aka raba waɗannan kuɗi daidai wa daida, abin da zai faɗa wa kowane gida bai kai naira 200,000 ba. Hakan kuma ya zo ne a lokacin da hauhawar farashin kayayyaki a Nijeriya ta haura kashi 30 cikin 100. Kuɗin kan iya sayen abinci da katifa da 'yan buhunan siminti, amma ba za su tayar da gidan da ya rushe ba.

Ƙungiyoyin agaji da dama sun fi son ba da kuɗi a kan raba kaya idan kasuwa tana ci. Dalilinsu shi ne kowane iyali ya fi kowa sanin abin da ya fi damunsa, kuma kuɗin da aka kashe a cikin gari kan taimaka wa 'yan kasuwar da su ma ruwan ya shafa. Tura kuɗi ta asusun banki kuma kan rage dogon layi da turmutsitsi, tare da barin shaidar wanda ya karɓa.

Amma duk wannan ya dogara ne kan abu ɗaya, wato jerin sunaye. Wanda sunansa bai shiga ba, ba shi da rabo, komai girman asararsa.

A Maiduguri masu tantancewa kan dogara da bulamomi da lawanai, wato masu unguwanni da dagatai, domin su ne suka san wanda ke zaune a kowane gida. Wannan hanya tana da sauri, amma tana buɗe ƙofar son kai idan ba a sa ido ba. Kafofin watsa labarai sun ruwaito ƙorafe-ƙorafen mazauna unguwanni da suka ce an tsallake su a rabon.

Waɗanda ake mantawa da su

Akwai rukunin mutanen da tsarin rajista kan tsallake a kusan kowace ambaliya.

Na farko su ne masu haya. Idan aka auna asara da rushewar gini, mai gida ne ke karɓar kuɗi, alhali kayan da ruwa ya lalata a cikin ɗakin na ɗan haya ne. Shi ne kuma zai nemi wani ɗakin a daidai lokacin da kuɗin haya ya tashi saboda ƙarancin gidaje.

Na biyu su ne mata masu riƙe da gida, kamar zawarawa da waɗanda mazajensu suka ɓace a rikici. Idan ana rubuta sunan maigida ne kawai, gidan da babu namiji kan faɗo. A gidan da ke da mata biyu ko uku kuma, tallafin gida ɗaya ne za a kasa wa ɗakuna da yawa.

Na uku su ne 'yan gudun hijirar da ke zaune a bukkoki a filayen da ba nasu ba. Yawancin irin waɗannan filaye suna gaɓar kogi ne ko cikin kwari, domin nan ne mai ƙaramin ƙarfi ke iya samun wuri. Su ruwa ya fara ci, kuma ba su da takardar da za ta nuna cewa sun taɓa zama a wurin.

Sai almajirai da masu bukata ta musamman, waɗanda ba sa iya kokawa a layin rabo.

Batun takardu ma babban al'amari ne. Ruwa kan lalata katin ɗan ƙasa da takardun fili da na makaranta da na haihuwa. Wanda ba shi da shaidar ko shi wane ne zai sha wahala wajen buɗe asusun banki, wanda kuma ba shi da asusu zai sha wahala wajen karɓar tallafi. Don haka sake samar da takardu na cikin taimakon da ke da arha amma yake buɗe hanyar sauran.

'Yan kasuwa da manoma

Iyali ba ya farfaɗowa sai mai nema ya koma neman abincinsa.

Kasuwar Monday Market ta yi gobara a watan Fabrairun 2023, aka sake gina ta, 'yan kasuwa suka fara komawa, sai ga ambaliya. Buhunan shinkafa da sukari da fulawa da atamfofi sun jiƙe a shaguna, kuma da yawa daga cikin kayan bashi ne aka ɗauko daga Kano ko Legas.

Kwamitin rabon tallafi ya ce ya ba 'yan kasuwa fiye da 7,000 kuɗi, tare da tallafa wa makarantu masu zaman kansu da wuraren ibada.

Sai dai masu ƙananan sana'o'i na cikin gida, kamar mai ɗinkin hula da mai suyar ƙosai da mai injin markaɗe, ba su da shago a kasuwa balle a lissafa su. Jarinsu kaɗan ne, kuma da kuɗi kaɗan za a iya tayar da su, amma sai an bi su har gida kafin a san da su. Irin waɗannan kan dogara ne da adashi da rance daga dangi da zakka.

Ga manoma kuwa, ambaliyar ta zo ne gab da girbi. Shinkafa da masara da gero da ke gonakin Jere da Konduga sun nutse, bayan an riga an kashe kuɗin iri da taki.

Abin da ke ceton manomi a irin wannan hali shi ne noman da ke biye. Ƙasar da ruwa ya kwanta a kanta kan riƙe danshi, kuma manoman Borno sun daɗe da sanin dashen masakwa a ƙasar firgi bayan ruwa ya janye. Idan iri mai saurin nuna da taki da injin ban-ruwa suka iso cikin makonni, noman rani zai rage asarar damina. Idan suka makara, shekarar ta tafi.

Nijeriya ta taɓa gwada wannan. Bayan ambaliyar 2012, wadda ta kashe mutane 363 ta kuma raba fiye da miliyan biyu da gidajensu a gaɓar kogunan Kwara da Binuwai, ma'aikatar aikin gona a ƙarƙashin Akinwumi Adesina ta raba iri da taki domin noman shinkafa na rani a jihohin arewa.

Akwai kuma kamfanin inshorar aikin gona na gwamnatin tarayya, NAIC, wanda aka kafa shirinsa tun 1987. Amma ƙananan manoma ƙalilan ne ke da inshora, wasu saboda rashin sani, wasu saboda rashin kuɗi, wasu kuma saboda shakku kan halaccinta a addini, duk da cewa akwai tsarin takaful da ya dace da shari'ar Musulunci.

A koma ko a ƙaura?

Tambayar da ta fi kowace wuya ita ce inda mutane za su sake gini.

Gwamnatin Borno ta ce gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa sun ƙara tsananta ambaliyar, ta kuma bayyana aniyar hana zama a gaɓar kogin Ngadda.

A ilimin tsara birane wannan ba abin musu ba ne. Yarjejeniyar Sendai ta 2015, wadda ƙasashen duniya suka amince da ita kan rage haɗarin bala'o'i, ta bukaci idan za a sake gini bayan masifa a yi shi fiye da yadda yake a da.

Amma tayar da mutane ba tare da ba su madadi mai kyau ba kan mayar da hannun agogo baya. A Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, bayan kogin Kwara ya yi ambaliya a 2012, an ba wasu iyalai filaye a wani wuri da ake kira Seno, nesa da gaɓa. Da yawansu sun koma tsoffin unguwanninsu, domin sabon wurin ya yi nisa da inda suke samun abinci, kuma ba a wadata shi da abubuwan more rayuwa ba. A 2020 kogin ya sake shiga unguwannin birnin.

Masunci da mai lambu da mai wanki a bakin kogi ba don sha'awa suke zaune a gaɓa ba. Matuƙar sabon matsuguni ba shi da ruwan sha da makaranta da kasuwa da hanyar mota, za su koma inda suka fito.

Ga waɗanda za su zauna a inda suke, abin da ke taimakawa shi ne ɗaga harsashin gini, da amfani da siminti a ƙasan bango maimakon zallar laka, da yashe magudanan ruwa kafin damina, aikin da a unguwanni da yawa ake yi ta hanyar gayya.

Madatsa da kuɗin agaji

A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da kashe naira biliyan 80 wajen sake gina madatsar Alau da faɗaɗa ta. Ministan albarkatun ruwa, Joseph Utsev, ya ƙaddamar da aikin a watan Maris na shekarar, inda aka ce za a kammala shi cikin shekaru biyu.

Gyaran madatsar ya shafi abubuwa uku a lokaci guda: kare birnin daga wata ambaliyar, da ruwan famfo, da noman rani a Jere, waɗanda duk suka dogara da ita.

Ta fuskar agajin ƙasashen waje kuwa, Maiduguri ba ita kaɗai ce ta miƙa ƙoƙon bara a 2024 ba. A daminar shekarar ambaliya ta shafi mutane kusan miliyan biyu a Chadi, da fiye da miliyan ɗaya a Nijar, inda har tsohon masallacin Damagaram ya rushe.

A 2025 kuma Amurka ta zaftare tallafin da take bayarwa a duniya, wasu ƙasashen Turai su ma suka rage nasu. A tsakiyar shekarar hukumar WFP ta yi gargaɗin cewa rashin kuɗi zai tilasta mata dakatar da tallafin abinci ga mutane miliyan 1.3 a arewa maso gabashin Nijeriya, tare da rufe cibiyoyin kula da yara masu tamowa kimanin 150.

Wannan na nufin nauyin farfaɗowa na ƙara komawa kan gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi da kuma su kansu jama'a.

Mafi yawan abubuwan da suka kawo cikas a Maiduguri ana iya tanadar su tun kafin damina ta faɗi. Jerin sunayen mazauna unguwannin da ke gaɓar kogi, har da masu haya da 'yan gudun hijira, ana iya haɗa shi da rani. Haka ma ware wuraren fakewa da ba makarantu ba, da ajiye kilorin da maganin kwalara, da tsara yadda gargaɗin hukumomi zai isa ga bulama da limami da gidan rediyo cikin harsunan Kanuri da Hausa da Shuwa.

Hukumar NIHSA dai kan fitar da jerin yankunan da ke cikin haɗari kowace shekara, watanni kafin koguna su cika.